Yadda za a fito da kwamfuta daga ɗakin ajiya ta shiga aji: jagora ga malamai da shugabannin makarantu a Katsina

A makarantu da dama na birnin Katsina da kewaye akwai ɗaki guda da ya fi kowane ɗaki ƙarfin ƙofa. Ƙyauren ƙarfe ne, kwado biyu, a ciki kuma kwamfutoci ne jere an lulluɓe su da leda. Ba a buɗe shi sai ranar da baƙi za su zo daga ma'aikata. Ɗaliban makarantar kuwa, wasunsu ba za su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ta bar takarda da fensir gaba ɗaya. WAEC ma ta fara amfani da kwamfuta a 2024 ga masu zana jarrabawa daga waje. Su kansu malamai, jarrabawar ƙwarewa ta hukumar rajistar malamai, wato TRCN, a kan kwamfuta ake yin ta. Zamanin tambayar ko a yi ko kada a yi ya wuce, abin da ya rage shi ne ta ina za a fara, da wane kuɗi, kuma wa zai riƙe mabuɗi.

Kafin a je kasuwa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da sayayya. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, da aka zo aka auna sai aka tarar yaran sun iya sarrafa na'urar amma lissafi da karatunsu bai motsa ba. Na'ura ta je, darasi bai canza ba.

Saboda haka zaman farko a ɗakin malamai za a yi shi. Kowane malami ya faɗi darasi ɗaya ko biyu da shekara da shekaru yake fama da su a kan allo ba sa shiga. Malamin kimiyya zai ce yadda jini ke zagayawa cikin zuciya, ko yadda husufin wata ke faruwa. Malamar lissafi ta aji huɗu za ta ce rabi da kwata da sulusi. Malamin Turanci zai ce yara ba su taɓa jin wani ya yi magana da harshen ba in ba shi ba. A rubuta su duka, sannan a soke duk wanda alli da kwali za su iya magancewa. Abin da ya saura, wato abin da sai an gani yana motsi ko an ji da kunne, shi ne aikin na'ura. A zangon farko kada a wuce darussa biyar ko shida, kuma da malamai biyu ko uku masu sha'awa za a fara. Wanda ba ya so a ƙyale shi tukuna, in ya ga ajin maƙwabcinsa ya yi tsit yana kallo zai zo da ƙafarsa.

Wuta

Duk shirin da ya dogara da wutar KEDCO a lokacin darasi, tsakanin takwas na safe da biyu na rana, ya ginu ne a kan sa'a. Janareta kuma ƙararsa ta hana jin malami, ga kuɗin fetur kullum. Sola ce mafita, kuma ba sai babba ba. Ga lissafin da ya kamata shugaban makaranta ya yi da kansa kafin ya kira mai haɗawa.

A duba bayan kowace na'ura ko cajarta, za a ga yawan wat ɗin da take ci. Laftof na cin wajen wat 60, talabijin madaidaiciya irin ta yanzu wajen 60 zuwa 70, ƙaramar na'urar rarraba waifai wajen 10. A ce jimilla 140. In za a yi aiki na awa biyar a rana, 140 sau 5 ya ba da 700, wato yawan wutar da za a ci a yini. Batir mai bolt 12 da amf 100 yana ɗaukar 12 sau 100, wato 1,200, amma in na ruwa ne ko irin na da, rabin kawai ake taɓawa, wato 600, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan guda ɗaya bai isa ba, sai biyu, ko kuma batir ɗin litiyam guda wanda ake iya jan kaso 80 cikin ɗari nasa ba tare da lahani ba. Ta ɓangaren faifan sola, Katsina na samun wajen awa biyar zuwa shida na rana mai ƙarfi. Faifai mai wat 300, in an cire asarar zafi da ƙura da waya, zai ba da kusan 1,000 a yini, ya wadatar har da saura.

Abu biyu ke kashe wannan tsari. Na ɗaya ƙurar hunturu: daga Nuwamba zuwa Fabrairu sai an wanke faifan da sassafe aƙalla sau ɗaya a mako, kafin rana ta gasa shi. Na biyu 'yan caji. Da zarar an ji akwai wuta a makaranta, waya goma za ta hau soket, wani ma ya kawo hitar shayi. A raba soket ɗin darasi da na jama'a tun ranar farko, a rubuta doka a manna. Batir kuma ba a ajiye shi ƙarƙashin kwanon da ba sili, domin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, yana rage masa kwana.

Allo guda da kowa zai gani

A ganina talabijin ta fi majigi dacewa da ajujuwanmu. Tagoginmu ba labule, hasken rana ya cika ɗaki, majigi mai araha kuwa sai a duhu yake nuna abin kirki, ga ƙura tana toshe masa iska. Talabijin mai inci 43 da wayar HDMI mai tsawo ta jona laftof da talabijin da 'yar lasifika mai caji sun isa aji mai yara hamsin. In ajin ya kai ɗari, kamar yadda ake gani a wasu firamaren gwamnati, a raba shi biyu: rabi na kallo, rabi na aikin rubutu, sannan a yi musanya. Gara a keɓe aji ɗaya mai ƙofa mai kyau a kafe talabijin a bango da kejin ƙarfe, ajujuwa su riƙa zuwa bisa jadawali, da a riƙa yawo da ita daga aji zuwa aji har ta faɗi.

In za a sayi laftof ɗin hannu, a kunna shi a shagon, a cire caja a ga ko batir zai yi awa guda, a gwada kowane harafi a kan madannai, a jona shi da talabijin a gani da ido. A nemi farashi daga wuri uku, a karɓi rasit.

Kayan karatu ba tare da data ba

Nan ne ake samun riba mafi girma, kuma nan ne mutane suka fi rashin sani. Ba dole ne makaranta ta sami intanet kullum ba. Sau ɗaya ake buƙatarta, ranar sauke kaya.

Manhajar Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta yi kuma kyauta ce, don irin yanayinmu aka gina ta. A ɗauki laftof a je inda intanet ke da ƙarfi, a sauke ta daga shafinsu a girka. Da farko za ta nemi a ba makaranta suna a buɗe asusun mai kula. A rubuta kalmar sirrin a littafin ofis, kada ta zauna a kan mutum ɗaya da za a iya yi wa canjin wurin aiki. Daga nan a shiga sashen tashoshi a zaɓi abin da za a sauke. Akwai darussan lissafi na Khan Academy, akwai gwaje-gwajen kimiyya na PhET daga Jami'ar Colorado ta Amurka, akwai littattafan labarai na African Storybook waɗanda a cikinsu akwai na Hausa. Kada a kwashi tasha gaba ɗaya, za ta cika na'urar. A buɗe ta a zaɓi darussan nan biyar ko shida da aka amince da su a ɗakin malamai.

In an dawo makaranta, a kunna na'urar waifai ko da ba data a ciki, a jona laftof da ita. Kolibri za ta nuna adireshi na lambobi wanda yawanci ke ƙarewa da 8080. Duk waya ko kwamfutar da ta hau wannan waifai, ta buɗe Chrome ta rubuta adireshin, za ta shiga darussan ba tare da an ci ko sisin data ba. Tsofaffin kwamfutocin nan na ƙarƙashin leda, muddin suna kunnuwa kuma suna iya kama waifai, sun sami aiki. Malami zai iya buɗe aji a ciki, ya sa sunayen ɗalibai, ya ba su gwaji, ya ga wace tambaya ce ta kayar da yawancinsu. Makaranta ta gaba kuma ba sai ta sake kashe data ba, a filas za a kwafa mata.

Ban da wannan akwai Kiwix, wadda ke ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba intanet. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, mai darussan firamare da sakandare bisa tsarin karatun ƙasa, wasu da Hausa. Bidiyon da malami ya sauke a wayarsa kuwa, Xender ta isa ta raba wa abokan aiki cikin minti kaɗan.

Yadda darasin kansa zai gudana

Bidiyon minti arba'in a darasin minti arba'in ba koyarwa ba ne, gidan kallo ne. Ga misalin yadda ya kamata, da darasin wutar lantarki a ƙaramar sakandare.

Malam ya shigo ya zana batir da ƙwai biyu a allo, ya tambaya: in aka jera ƙwayayen a layi ɗaya aka cire guda, me zai sami ɗayan? Kowa ya rubuta amsarsa a littafi, a ƙirga hannuwa. Sai a buɗe gwajin haɗa wuta na PhET a talabijin, a kira yarinya ɗaya daga bencin baya, ba wadda ta saba ɗaga hannu ba, ta kama linzami. Hannunta zai yi rawa, kibiyar ta tsere zuwa kusurwa, aji ya yi dariya, a bar ta ta nemo ta da kanta. Ta ja waya ta haɗa, ƙwayaye su kama, ta cire ɗaya, duka su mutu. Sai a sake haɗawa kowane ƙwai da hanyarsa, a cire ɗaya, ɗayan ya ci gaba da haske. A nan Malam zai tambaya: to a gidanku, in ƙwan ɗakin Inna ya ƙone, na zaure yana mutuwa? Wace irin haɗawa ke nan aka yi muku? Minti goma zuwa sha biyu na'ura ta yi aikinta, a kashe allon, sauran lokaci na alli ne da littafi da tambaya. In akwai batir ɗin tocila da guntun waya da ƙaramin ƙwai, a ba su su haɗa na gaske.

A kullum malami ya riga ya kalli abin da zai nuna, ya san inda zai tsayar ya fassara da Hausa. Ya kuma shigo da shirin ko-ta-kwana, don ranar da na'ura ta ƙi tashi kada a ɓata rabin darasi ana tattaɓa waya yara na ihu.

Ƙirƙirarriyar basira a hannun malami

Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, sannan Meta AI ta shigo cikin WhatsApp, wannan abu ya riga ya shiga aljihun malamai da ɗalibai, ko an yarda ko ba a yarda ba. A jihar Edo an yi wani gwaji a 2024 da tallafin Bankin Duniya, inda ɗaliban sakandare suka yi mako shida suna koyon Turanci da Microsoft Copilot bayan an tashi makaranta, kuma sakamakonsu ya fi na waɗanda ba su shiga ba. Abin lura shi ne yara bibbiyu suke zama, malami na tsaye a kansu, shi ke ba da umarnin farko yana kuma nuna musu inda na'urar ta yi shirme.

Ga malami, amfaninta na farko rage wahalar shiri ne. Sirrin yana cikin yadda aka tambaya. Wanda ya rubuta "ba ni darasi a kan zaizayar ƙasa" zai sami abin da ya dace da ko'ina, wato bai dace da ko'ina ba. A maimakon haka a ce mata: ni malamin aji biyu ne na ƙaramar sakandare a Daura, ɗalibai saba'in, minti arba'in, ba kayan gwaji, yaran sun fi fahimtar Hausa, shirya mini darasi a kan zaizayar ƙasa da kwararowar hamada da misalai daga gonakin gero da sare itatuwa, da tambayoyi goma masu zaɓi huɗu, uku masu sauƙi, biyar matsakaita, biyu masu wuya. Abin da ta kawo a ɗora shi kusa da littafin da aka amince da shi da tsarin karatu na hukumar NERDC mai tsara manhajar makarantu a gyara.

Kada a amince mata ido rufe. Tana iya ƙirƙiro shekara ko suna ta faɗa da cikakken ƙarfin hali. Hanya mafi sauƙi ta gane halinta ita ce a jarraba ta a kan abin da aka sani sarai: a ce ta jero ƙofofin Katsina, ko ta ba da labarin rijiyar Kusugu, a ga inda ta dace da inda ta kauce. Hausarta ma sai an bi da jan biro, takan watsar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, takan kuma jera jimla irin ta Turanci. Lissafi kuwa malami ya warware kowace tambaya da hannunsa kafin ya ba yara. Aya ko hadisi ko hukuncin addini, ba daga nan ake ɗauko su ba, a koma ga littafi da malamai.

Su kuma ɗalibai za su kawo aikin gida da na'ura ta rubuta musu, kuma manhajojin da ke da'awar gano hakan ba abin dogaro ba ne. Maganin yana cikin irin aikin da ake bayarwa. A ce yaro ya tambayi kakarsa yadda ake adana hatsi a rumbu ya rubuto, ko ya auna tsawo da faɗin ɗakinsu ya fitar da girmansa. Ranar karɓa a zaɓi mutum uku su tashi su yi bayanin abin da suka rubuta da baki. Mako biyu ana haka, kowa zai gane kwafa ba ta fisshe shi.

Shirin jarrabawar kwamfuta

Wannan kada a bar shi sai aji shida na sakandare. UTME, wato jarrabawar JAMB, tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Yaron da ya san karatunsa amma ya ɓata minti goma yana kokawa da linzami ya yi asara a banza. A koya musu cewa da madannai kaɗai ma ana iya yi: A, B, C, D don zaɓar amsa, N don gaba, P don komawa baya, S don miƙawa. A kuma ja musu kunne kada su taɓa S sai sun gama.

Ko kwamfuta biyar ce a makarantar, a tsara jadawali yadda kowane ɗalibi daga aji huɗu na sakandare zai zauna gabanta minti ashirin aƙalla sau biyu a zango, da agogo na tafiya a gabansa. Gwajin Kolibri ya isa wannan. 'Yan mata a ba su nasu lokaci daban, domin in aka haɗa, samari ne ke mamaye kujeru su kuma su koma kallo daga baya. A tuna wa iyaye da wuri cewa ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma suna da ranar haihuwa su yi daidai da na takardun makaranta.

Iyaye, amana da mabuɗi

Zauren WhatsApp na aji abu ne mai amfani, amma na iyaye ne, kuma masu kula kaɗai ke aika saƙo. Tun da yawancin iyaye sun fi jin murya, saƙon murya na minti ɗaya da Hausa ya fi doguwar takarda. Malami ba ya karɓar lambar ɗaliba ya riƙa tura mata saƙo shi kaɗai, komai kyawun niyyarsa. Ta hannun mahaifi ko mahaifiya ake bi. Hotunan yara da sunayensu da sakamakonsu ba a zuba su a Facebook ko cikin ChatGPT. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma a halin tsaron da jihar nan ke ciki hankali ma ya isa ya hana.

A taron iyaye da kwamitin kula da makaranta na SBMC a nuna musu darasi guda da idonsu. Uban da zai ce "Malam, mu fa ba mu kawo 'ya'yanmu kallon fim ba" yana da gaskiyarsa, amsar da ta dace ita ce "Alhaji, bismillah, zauna ka ga abin da suke kallo." A wannan zaman ne za a yanke ɗan abin da za a riƙa warewa kowane zango don gyara, domin caja za ta ƙone, wayar HDMI za ta karye. Makarantun gwamnati su bi ta ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB, na sakandare su bincika ko suna cikin shirin AGILE na bunƙasa ilimin 'yan mata, wanda Katsina na cikin jihohin farko da suka shiga kuma yana da ɓangaren koyar da 'yan mata kwamfuta. Tsofaffin ɗalibai ma sun fi saurin buɗe aljihu in aka ce musu batir ɗaya ake nema da kaza, maimakon a ce a taimaka wa makaranta.

Mabuɗi ya zama biyu, ɗaya a wurin malamin da ke kula, ɗaya a ofis. In ɗaya ne, ranar da mai shi ya tafi ɗaurin aure Funtua darasi ya tafi tare da shi. A ajiye littafi a bakin ƙofa: wa ya shiga, wane aji, wane darasi, me ya lalace. Wanda abu ya lalace a hannunsa cikin aiki kada a ci shi tara, in aka yi haka sau ɗaya ba mai sake taɓawa. A zaɓi ɗalibai huɗu, mata biyu maza biyu, a koya musu kunnawa da jonawa da kashewa da share ƙura.

A ƙarshen zango a koma kan darussan nan da aka zaɓa tun farko. A ba ajin tambayoyi goma a kai, a kwatanta da yadda 'yan bara suka yi, ko da wani ajin da bai shiga ɗakin ba. A buɗe littafin bakin ƙofa a ƙirga sau nawa aka yi amfani da kayan. In ɗakin ya cika har ana rigimar jadawali, lokacin ƙara talabijin ta biyu ya yi. In mako uku ya wuce ba sa hannu, kada a ƙara sayen komai sai an zauna da malamai an ji dalili. Kafin dogon hutu kuma a kwafe duk abin da ke cikin laftof a filas a ba shugaban makaranta, a cire talabijin daga soket saboda tsawar damina, a bar faifan sola a jone da batir don kada ya sauka ƙasa, a kuma roƙi maigadi ya riƙa leƙa rufin ɗakin bayan kowane ruwa mai ƙarfi.